Daga Kongo zuwa Lugard Hall: abin da Barista yake tararwa a majalisa

Hanyar lauyan Zariya sananniya ce: shekara biyar a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo, shekara guda a makarantar horas da lauyoyi, a Bagauda ko Bwari, sai hidimar ƙasa, sai zama a ofishin babban lauya ana ɗaukar masa fayil. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna kuwa ba ta nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sashe na 106 na kundin tsarin mulkin 1999 takardar sakandare ya nema, da jam'iyyar da za ta tsayar da mutum, da cika shekara 25 da haihuwa, tun gyaran 2018.

Kujeru 34 ne a Lugard Hall, mazaunin majalisar, huɗu daga ciki na nan gida: Zariya Birni, Kewaye, Sabon Gari da Basawa. A zaɓen fid da gwani ba a tambayar shari'a nawa ka ci. Wanda ya halarci suna da jana'iza a unguwa shi aka sani, kuma nan ne lauyoyi da dama suke faɗuwa. In lauyan gwamnati ne, dole ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. In aka kayar da shi a babban zaɓe, kwana 21 ke gare shi ya shigar da ƙara, kotun zaɓe ta yanke hukunci cikin kwana 180, magana ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara.

In ya ci, sai ya bayyana kadarorinsa kafin rantsuwa, ya miƙa shari'o'in da ke hannunsa ga abokan aiki. Wannan ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, don wanda ya saba kawo maka shari'a ba zai jira ka shekara huɗu ba.

Amfanin Barista ba a dogon jawabi yake ba, a kwamiti yake. Bayan an yi wa ƙuduri karatu na biyu a zauren majalisa ake zama a bi shi sashe-sashe, kuma a nan ɓarna take shiga. Za ka ga an kwafo dokar wata jiha ba a duba ko ta ci karo da wadda ake da ita ba. Za ka ga an haramta abu ba a faɗi hukunci ko kotun da za ta saurara ba. Mafi muni, a yi doka kan abin da ke hurumin Majalisar Tarayya ita kaɗai. Lauyan farko da ya kai ta kotu zai rushe ta. Mai ido a kan waɗannan ya cece mu daga asarar shekaru.

Bayan karatu na uku gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya mayar da ƙudurin doka, wato mutum 23 a Kaduna. Tara waɗannan 23 ba aikin hujja ba ne kaɗai, sai an bi kowa gida an zauna da shi.