Na bi sawun baƙin karen Bungay

Bungay, wani ƙaramin gari a gabashin Ingila, ba ta da tashar jirgin ƙasa. Daga Landan jirgin Norwich na shiga a tashar Liverpool Street, sannan na ƙarasa da bas. A sayi tikiti tun da kwanaki, domin na ranar tafiya tsadarsa ta wuce hankali.

Mutanen garin ba sa kunyar baƙin karen almara da suke kira Black Shuck. Yana kan tambarin gari, yana bisa ƙarfen nuna iska a dandalin kasuwa, 'yan ƙwallonsu ma da shi ake musu laƙabi. A wajenmu wanda ya ce ya gamu da baƙin kare mai jan ido da tsakar dare, tofi za a yi masa, ba mai zana abin a tambari.

Ranar Lahadi, 4 ga Agusta, 1577, hadari mai tsawa ya rutsa da masu ibada a cocin St Mary. A shekarar wani marubuci, Abraham Fleming, ya buga ƙasida cewa baƙin kare ya kutsa cikinsu, ya murɗe wuyan mutum biyu da ke durƙushe, na uku kuma ya yanƙwane kamar fatar da ta sha wuta. Littattafan cocin sun ambaci hadarin da mamatan, amma babu kare a ciki. Ni dai ina ganin tsawa ce ta yi kisan, karen kuma daga alƙalamin Fleming ya samu suna.

Blythburgh, ƙauyen da ake cewa karen ya sake ɓulla a cocinsa a wannan rana, ta fi cancantar wahalar zuwa. Bas ƙalilan ne, taksi na ɗauka. Shiga cocin Holy Trinity kyauta ne, sai akwatin taimako. Wata dattijuwa mai gyara furanni ta bar aikinta ta kai ni ƙofar arewa, inda tabon ƙuna yake a jikin katako, wai farcen karen ne. A je da tocila, wurin da duhu. A kuma lura da siffar tabon: ƙasansa da faɗi, samansa da tsini. Haka harshen kyandir ke ƙona itace idan an riƙe shi kusa, shi ya sa masu nazarin tsofaffin gine-gine ke ganin da gangan aka yi, don neman tsari daga gobara da tsawa.

Na biya ta kangon gidan ibada na Leiston, inda aka tono ƙasusuwan wani ƙaton kare a 2013, har wasu suka danganta su da Black Shuck. Kango ne kawai a tsakiyar gonaki, rabin awa ta isa.