Asabar a kangon fadar bishop ta St Davids

Sai bayan azahar muka isa St Davids ni da ƙanena. Jirgin ƙasa ya sauke mu a Haverfordwest, daga nan bas ta bi da mu ƙauyuka har ƙuryar yammacin Wales. Wurin shi ne birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, mutanensa ba su kai 2,000 ba. Babban cocin yana can cikin kwari, sai an gangara matakala ake ganinsa sosai. Muka tsallaka wani ɗan rafi mai suna Alun, sai ga kangon fadar a gabanmu, bango tsaye ƙyam, babu rufi ko kaɗan.

Mafi yawan abin da ya rage aikin Henry de Gower ne, wanda ya riƙe kujerar bishop daga 1328 zuwa 1347. Kuɗi ba su yi masa wuya ba. Bishop ɗin wannan yanki yana da filaye da gonaki kamar kowane hakimi, ga kuma masu ziyarar ibada da ke tururuwa zuwa makwancin David, waliyyin Wales, tun daga ƙarni na 12, lokacin da ake cewa Fafaroma Calixtus na Biyu ya daidaita ziyara biyu a nan da ziyara ɗaya a Roma. Har Sarki Edward na Ɗaya ya zo a 1284. Gower ya yi sashensa na zama a gabas, da zaurensa da madafa, sannan ya gina babban zaure a kudu don manyan baƙi.

A cikin wannan zaure na daɗe. Tagar nan mai siffar ƙafar keke tana nan a can sama, ana hango gajimare ta cikinta. A saman bango an jera ƙananan bakuna, a bisansu kuma an shirya duwatsu gida-gida, wannan ja mai duhu, wancan fari, kamar saƙar zane. Ƙarƙashin bakunan akwai kawunan mutane da na dabbobi da aka sassaƙa. Na tsaya a gindin guda ɗaya ina kallo: hanci ya cinye, baki ya shafe, idanu kawai suka rage. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai irin wannan adon ne a tsohon ginin tsakiyar Swansea." Gaskiyarsa, da Gower ake danganta shi can ma, haka kuma a Lamphey, wata tsohuwar fadar bishop-bishop ɗin St Davids.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba yaƙi ne ya ci fadar nan ba, kuma ba gobara ba. Bayan Sarki Henry na Takwas ya raba gari da Roma, aka naɗa William Barlow bishop a 1536. Mutum ne mai tsananin ƙin ziyarar makwantan waliyyai, yana ganinta camfi. Ya sa aka kwashe kayan adon makwancin David, ya kuma nemi a mayar da kujerar bishop Carmarthen. Cocin dai bai tashi ba, amma bishop-bishop suka koma zama a Abergwili, kusa da Carmarthen. A zamaninsa aka kware darmar da ta rufe babban zaure. Mutanen gari suna cewa wai ya sayar ne don aurar da 'ya'yansa mata biyar. Labarin baka ne, sai dai kuwa dukansu biyar sun auri mazan da suka zama bishop.

Daga nan ruwa ya karɓi aiki. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda soro yake ƙarewa idan indararo ya karye aka bar shi damina biyu. Dutse ma haka ne, ya fi jinkiri kawai, balle a gaɓar tekun da iska da yayyafi ba sa hutawa. A 1616 aka ba wani bishop izinin rushe wasu sassa, kafin ƙarshen wannan ƙarni kuwa an riga an yanke ƙauna da gyara.

Ban ga laifin Barlow a kan aƙidarsa ba, wannan tsakaninsa da mutanensa ne. Kware rufin ne ya yi mini ciwo. Magina da masassaƙa sun ƙarar da shekarunsu a nan, ba wanda ya san sunansu, kuma da an bar darmar nan da watakila zauren yana nan da rufinsa kamar cocin da ke tsallaken rafi.

Mun leƙa ɗakunan ajiya na ƙasa, masu duhu da sanyi, su kam rufinsu na dutse bai motsa ba. Cadw, hukumar kula da wuraren tarihi ta Wales, ce ke kula da wurin yanzu, ta ɗaure duwatsun saman bangon da kyau. Daga nan muka shiga coci muka ga kabarin Gower, muka yi sauri don kada bas ɗin yamma ta wuce mu.