Kwana 19 da masana'antar Menzel, sai jiya wutar ta kama

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyon zane. Kun san inda na tsaya: ina kwaikwayon zanen nan na Adolph Menzel, Bajamushen da ya zana hoton cikin masana'antar murza ƙarfe tsakanin 1872 da 1875. Na asalin yana gidan adana zane-zane na Alte Nationalgalerie a Berlin, faɗinsa santimita 254, tsayinsa 158. Nawa kwali ne mai 64 da 40, don girman ya yi daidai da nasa in an rage.

To, shekaranjiya na shafe kusan rabin aikina da hannuna.

Ga abin da ya faru. Tun farko na ɗauka ƙarfen nan mai zafi da ke tsakiya shi ne zanen gaba ɗaya, sai na fara da shi a kan farin kwali. Na labta ruwan ɗorawa, na ƙara fari, na sake ƙarawa. Ƙanwata ta leƙo ta ce wa ya ajiye burodi a tsakiyar mutane? Ban ji daɗi ba, amma gaskiya ta faɗa. Da na buɗe hoton a waya na ƙura masa ido, sai na ga wurin da ke da haske sosai ɗan kaɗan ne. Sauran duk duhu ne da hayaƙi, ruwan ƙasa da toka-toka, kuma duhun ne ke sa ƙarfen ya yi kamar zai ƙona hannu. Na shafe kwalin da ruwan ƙasa mai duhu, na bari ya bushe, na riƙa fito da mutanen daga ciki a hankali. A kan ƙarfen kuwa, ja na sa da farko, sannan ruwan goro, fari kuwa ɗigo biyu kawai a ƙarshe.

Fuskoki sun fi ba ni wahala. Mun saba haske ya zo daga sama, a nan kuwa daga ƙasa yake dukan masu riƙe da awartaki, a haɓa da ƙasan hanci da damtse, goshi kuma ya zauna cikin inuwa. Hannuna ya ƙi yarda. Menzel dai bai zana wannan daga ka ba: a 1872 ya tafi Königshütte, garin da yanzu ake kira Chorzów a Poland, inda ake yin ƙarfen layin dogo, ya yi zanen fensir sama da 100. Ni ma na ɗauki ɗan littafina na je maƙerar unguwarmu bayan magariba. Duk lokacin da yaron ya danna zugazugi, sai fuskar baba maƙeri ta yi ja daga ƙasa. Shafi 6 na cika da gawayi, yana ta yi mini dariya.

Ban taɓa gefen hagu ba tukuna, inda waɗanda suka tashi aiki ke wanke jiki. A dama na zana masu cin abinci a rakuɓe, saura yarinyar nan mai kwando da ke kallon mu, ita nake tsoro. Yatsun masu awartakin kuma har yanzu kamar ayaba suke. Wanda ya iya zana hannu a dunƙule a cikinku, don Allah ya nuna mini ta inda yake farawa.