Kafin ka haɗa sababbin kaji da na gida

Kusan duk wanda ya zo gidan kajinmu daga Aboabo, Asawase ko Sabon Zango tambayarsa ɗaya ce: “Alhaji, in na kai su gida yau, in zuba su cikin nawa?” Amsa ita ce a'a. Kaji suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, kowace ta san wadda za ta ci kafin ta, ta san wadda za ta sara. Baƙuwa ba ta da matsayi, don haka kowa kanta zai huce.

Girman jiki shi ne farko. Tsakon da bai gama gashi ba, wato ƙasa da mako 8, ba ya shiga cikin manya ko kaɗan. Mu ba ma sayar da budurwar kaza sai ta kai mako 16, ƙirji ya cika, ƙafa ta yi ƙwari, an yi mata rigakafin cututtukan Gumboro da Nukasil da na ƙuraje, ranar kowanne a rubuce. A nan ne ake ta ja-in-ja da masu saye, wai ai sun ga irinta a bakin kasuwa da araha. To ita waccan wa ya san makonta nawa? Wa ya ga an ɗiga mata magani a ido? Mai kwando zai rantse maka ta kusa ƙwai, ka kai gida ka yi wata biyu kana ciyar da ita, in ma ba ta shigo maka da cutar da za ta share akurkin ba, musamman da hunturu.

Shi ya sa ko daga hannunmu ka saya, ka ware su tukuna, mako 3 zuwa 4, nesa da na gida, da mazubin abinci da na ruwa daban. Ka fara kula da tsofaffin da safe kafin ka je wurin baƙin. Duba kashinsu: koren zawo ko jini-jini alamar cuta ce. Saurari numfashi da dare, ɗaga fiffike ka duba ƙwarƙwata, ka buɗa gashin gindi ma.

In sun fita lafiya, sai a zo ga aikin da mutane ba sa haƙuri da shi. Ka raba fili da ragar waya, su ga juna, su ji kukan juna, amma baki ba ya kaiwa. Kwana 7 zuwa 14. Ka riƙa watsa masara a gindin wayar ta ɓangarorin biyu, su saba cin abinci fuska da fuska. Kwanakin farko za ka ga uwar garken tana sintiri a jikin wayar, wuya a miƙe, gashi a tashe. Ranar da ta daina kula su ta koma tonon ƙasa, lokaci ya yi.

Haɗawar bayan isha'i ake yi, a ɗora su kan sandar kwana cikin duhu, a tashi da asuba a tsaya a kansu. Kuma kar a saka guda ɗaya tilo, aƙalla uku. Ƙara mazubi biyu ko uku a kusurwoyin da ba sa ganin juna, domin babbar kaza takan tsare abinci, ƙaramar ta yini da yunwa kai ba ka sani ba. Da yamma taɓa maƙoƙonta ka ji ko da abinci. Jingina katako ko kifa tsohon kwando mai ƙofa biyu, wurin ɓuya.

Sara da kora na kwana biyu-uku ba abin damuwa ba ne. Jini ne matsala, don ja yana jan bakin kaji. Da ka ga rauni a ƙeya, cire ta, wanke da ruwan gishiri, shafa GV, wato shuɗin maganin nan na rauni, ya rufe jan. In kaza ɗaya ce ke tada fitinar, ita za a kulle kwana 3, ba wadda aka cuta ba.

Abinci kuma, kar a ba ƙananan na masu ƙwai, kalsiyam ɗinsa ya yi wa ƙodarsu yawa. A sa wa kowa gurowa, wato abincin kaji masu tasowa, a ajiye dakakken ɓawon katantanwar ruwa a kwano daban, masu ƙwai za su ɗiba da kansu, har ranar da sababbin suka fara nasu ƙwan.