Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ampilin da Alhaji ya maido

Makon jiya na tsaya a ranar da Kawu ya miƙa mini makullin rumfarmu ta kasuwar Katako a Yamai. Na so in ɗora daga nan, amma wata maganarsa ta hana ni sakat, sai ku yi haƙuri in tsallake shekaru.

"Ɗaga shi kafin ka saurare shi." Haka Kawu, Allah ya jiƙansa, yake cewa duk ranar da aka kawo ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, gyara. A wurinsa nauyi shi ne murya, kuma a zamaninsa bai yi ƙarya ba. Sansui ko Pioneer na shekarun 1970 sai ka yi bisimilla ka sa hannu biyu. Ga taransifoma kamar dutsen niƙa, ga ƙarfen sanyaya taransisto mai haƙora kamar mataji. Irin wannan ƙirar ake kira ajin AB, kusan rabin kuran da suke sha zafi yake komawa. A watan Afrilu a Yamai, fanka muke kafa musu, mu kuma mu zauna cikin gumi.

Ranar da Yaya ya zo da ampili ɗan ajin D na farko, sabuwar ƙira marar nauyi, daga Kwatano, Kawu ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya ajiye, bai ce uffan ba. Na haɗa shi da lasifikarmu. Kalangu ya fito sarai, amma goge sai ya riƙa tsinin kunne kamar ana goga wuƙa a dutse. Da Kawu ya kunna gajeren zango zai ji labaran BBC, sai shuuu, tashar ta ɓace. Ya dube ni ya ce, "Na gaya maka."

Shekaru na yi kafin in gane dalili. Taransiston ajin D kunnawa da kashewa kawai suke, sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa guda, shi ya sa ba su zafi sosai, kusan kashi 90 cikin 100 na kuran yake isa lasifika. A bakin fita akwai naɗin waya da kwandansa masu tace wannan ƙyaftawar. A masu araha, matatar nan halinta na bin lasifika: ka ba ta mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga kuran) sautin sama ya yi tsini, ka ba ta mai om 4 ya dushe. D ɗin ma harafi ne da ya biyo C, ba "dijital" ba ne kamar yadda yaran kasuwa ke faɗa wa masu saye. Kuma abin ba na jiya ba ne, Sinclair ya sayar da irinsa a Ingila tun 1964, Sony ta fitar da nata a 1978. Sai da masana irin Bruno Putzeys, ɗan Beljiyam, suka sa ampilin yana duba sautinsa bayan matatar yana gyara kansa, sannan tsinin ya kwanta. Kawu bai kai wannan lokacin ba. Shi ke ci mini rai.

To, Alhaji. Ba zan faɗi sunansa ba, mutanen Kwara Kano sun san shi. Na haɗa masa ɗan ajin D ɗaya da ƙwayar lantarki mai suna TPA3255 ta kamfanin Texas Instruments, mako uku ina like da dalma. A falonsa ya kishingiɗa, ya rufe ido, muka sa kiɗan gurmi irin na mutanen Tawa. Kana jin yatsa na sauka kan tsirkiya, kana jin mawaƙin ya ja numfashi. Ganga ta buga ta tsaya cak, ba wannan gurnanin da ke biyo baya. Da kiɗan ya ƙare na kai kunne jikin lasifika, tsit. Na ɗora tafin hannunsa a kan murfin bayan awa biyu, ɗumi kaɗan. Ya ce, "Malam, kamar mutumin na zaune a nan."

Washegari yaronsa zai share tebur, ya ɗauke shi da hannu ɗaya. Da la'asar sai ga mota a bakin rumfa, ana shayi, fada cike.

"Malam, gwangwani fanko ka sayar mini?"

"Ranka ya daɗe, jiya kunnenka ya ji."

"Kunne daban, kuɗi daban. Ɗaga ka ji."

Maganar Kawu ce, a bakin wanda bai taɓa riƙe ƙarfen like ba. Na ƙirga masa jikkunansa a gaban mutane, ban rage ko dala ba. Har yau in na tuna yadda fadar ta yi shiru, shayin ya kan fita raina.

Na yarda tsohon Sansui yana da wani taushi da ke lulluɓe muryar kaset, ni ma da shi na girma, kuma wanda ya fi son haka ba na gardama da shi. Amma ampilin nan yana ɗakina shekara ta biyar ke nan, batir biyu na sola ke riƙe shi, in an ɗauke wuta unguwa duka mu kaɗai ake ji. Inna ma da shi take sauraren tafsiri da azumi, ta ce yanzu tana rarrabe muryar mai jan baƙi da ta malam ba sai ta matso ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma kan makullin, da abin da Yaya ya yi da ya ji an ba ni.