Lambun bayan aji da na raina

Ƙannena da ke sakandare a nan Jos, musamman ku da kuke zillewa duk ranar da malamin aikin gona ya ce a fito lambu, da ku nake. Ni ma haka na yi. A makarantarmu akwai wani fili bayan ajujuwa, inda malam yake koya wa masu so yadda ake renon tsiro a baƙar leda, da yadda ake yi wa mangwaro da lemo aure. Mu kuwa a ganinmu aikin horo ne, irin wanda ake ba wanda ya makara. Shekara uku ban taɓa riƙe wuƙar aure ba.

Da na gama, zama ya yi tsawo, sai na bi wani maƙwabcinmu mai sayar da furannin dashe a bakin titi. Wata biyu kacal na yi, na ɗauka na iya. Wani alhaji ya gama gini a Abuja, ya ba ni aikin ƙawata harabar gidan, na karɓi kuɗi ba tare da na nemi shawarar kowa ba.

Cikin watan Maris na loda furanni a bayan a-kori-kura, babu rufi, muka bi ta Akwanga da Keffi. Jos a kan tudu take, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa dankalin turawa da kabeji da furannin da ke son sanyi suke jin daɗinta. Abuja kuwa a ƙasa take, Maris kuma tsakiyar zafi ne. Tsiron da ya sha irin wannan tafiya yana buƙatar kwanaki a inuwa, ana fito da shi rana kaɗan-kaɗan har ya saba. Ni ko washegari na dasa, da tsakar rana. Don su yi saurin tashi kuma, na zuba musu ɗanyen kashin kaji a gindi.

Kwana huɗu, bakin ganyen ya ƙone ya nannaɗe. Na tona gindin ɗaya, saiwar ta yi baƙi, warin taki na tashi. Alhajin bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka wannan aikin?" Na rasa amsa. Sai da na sayar da wayata na cika kuɗin sabbin tsirrai, kuma har yau tambayar nan ta fi asarar yi mini ciwo.

Duk abin da ya kashe shukar nan, malaminmu ya koyar da shi kyauta: taki sai ya ruɓe ya huce, dashe sai da yamma, kowace shuka da yanayin da take so. Tsiron makaranta in ya mutu a hannunku, wani za a ba ku. Na gidan mutane ku ne za ku biya.

Saboda haka ku fita lambun nan. In an yi hutu, ku je wajen masu noman rani da ke ban ruwa daga tsoffin kududdufan haƙar kuza, ku ce, "Baba, a koya mana." Kada kuma ku yi wasa da lissafi, don wanda bai iya auna fili ba, ba zai san yawan ciyawar da zai saya ba, balle ya yanka farashi. Wanda yake son ci gaba, Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya tana nan cikin Jos tun 1958, ana karantar da aikin lambu da tsara fili.

Kafin nan, ku samo leda goma, ku haɗa baƙar ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, ku binne ƙwallon mangwaro da daminar bana. Ku rubuta ranar a littafi. In sun kai kaurin fensir, ku kai wa malam ya nuna muku inda ake yanka.