Samfur ɗaya tak

Asabar

Tun da na farka na ƙudura a raina cewa yau sai na ji muryar mutum a wannan akwatin rediyo da nake haɗawa ko ta halin ƙaƙa. Mako uku ke nan allon yana kan tebur, wayoyi sun yi masa rawani, ni kuwa ban samu komai daga gare shi ba sai shuuu da muryoyi a cakuɗe.

Bari in rubuta yadda ginin yake, don in na waiwayo baɗi in gane abin da na yi. Sigina na shigowa ta eriya, ta bi ta rariyar da ba ta barin komai wucewa sai zangon mita 40, ta faɗa mahaɗar Tayloe, wadda ke mayar da siginar rediyo sauti, da na harhaɗa da guntun FST3253. Guntun Si5351 ne makaɗinta, shi ke buga mata lokaci. In ina son megahaz 7.1 sai ya buga 28.4, wato ninki huɗu, a raba shi gida huɗu. Abin da ke fitowa sauti ne kashi biyu, I da Q, kamar tagwaye, sai dai ɗaya yana bin bayan ɗan'uwansa da digiri 90. A nan aikin dalma ya ƙare, na lissafi ya karɓa. Ana ɗibar samfur 48,000 a daƙiƙa daga kowanne, wato a auna sautin a mayar da shi lambobi, allon STM32, wato ƙaramar kwamfutar akwatin, ya tace su ya rage zuwa 12,000. Muryar da nake nema ba ta wuce haz 2,700 ba, ƙa'idar Nyquist kuma ta ce yawan samfur ya ɗara ninki biyu na sautin da ya fi kowanne tsini. To 12,000 ya isa har da rara.

Matsalar da ta hana ni sakat ita ce ta gefe biyu. Tashar da ke haz 1,000 sama da inda na tsaya da wadda ke haz 1,000 ƙasa, dukansu amo iri ɗaya suke ba kunne. Dalilin wahalar I da Q ke nan gaba ɗaya: a bi da Q ta rariyar Hilbert, wadda lissafi ce a cikin manhaja, ta ƙara juya shi digiri 90, sannan a tara shi da I ko a ɗebe. Gefe ɗaya ya ninku, ɗayan ya kashe kansa. A takarda ke nan.

Wajen ƙarfe goma na tsayar da akwatin a 7.100, na ba shi siginar gwaji a 7.099, sannan a 7.101. Kamata ya yi in ji fito a ɗaya, in ji tsit a ɗayan. Sai na ji fito a duka biyun, na biyun ya ɗan rage murya kawai. Na auna bambancin ƙarfinsu: desibel 11. Ko kusa bai kai abin da za a kira rediyo ba.

Nan na yi abin da na saba. Na ɗora wa ƙarfe laifi. Na zare kapasita huɗun da ke bakin mahaɗar, na auna su ɗaya bayan ɗaya, na zaɓo huɗu da suka fi kama da juna na mayar. Babu canji. Na sake liƙe ƙafafun guntun da ke ƙara ƙarfin sauti, na ƙona ɗan alina, na kusa ɓamɓare layin tagulla ɗaya saboda yawan zafi. Abin haushin ma, tun kafin azahar na sa I da Q a osiloskop, na'urar da ke zana sigina a gani, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, suka zana mini da'ira zagayayya sumul. Da'ira kuwa shaida ce cewa ƙarfinsu ɗaya ne kuma digiri 90 ɗin na nan daram. Na gani da idona, na kau da kai, na ci gaba da tonon allo. Laifi tudu ne. Manhajar ni na rubuta ta layi-layi, don haka ba ta cikin waɗanda nake tuhuma.

Da la'asar na gaji na kira dattijon da ya fara koya mini riƙe ƙarfen liƙi. Na zayyana masa komai, yana ta cewa "uhm". Da na gama sai ya ce, "Kai yaro, da amo nawa ka gwada?"

Na ce, "Ɗaya, Malam. Haz 1,000."

"To gwada 500, ka gwada 2,000, ka kira ni."

Minti biyar suka ishe ni. A 500 bambancin ya kai desibel 18, a 1,000 yana 11, a 2,000 ya faɗo kusan 5. Na karanta masa. Ya yi dariya ya ce kuskuren da ke girma daidai da tsinin amo, har ya kai wannan girman, jinkiri ne. "Ɗaya daga cikin tagwayenka yana makara. Je ka ƙirga."

Ban ma ajiye wayar ba na fara gani. Rariyar Hilbert ɗina tana da matakai 129. Duk abin da ya bi ta cikinta sai ya makara da rabin tsawonta, a cire ɗaya daga 129 a raba biyu, samfur 64. Saboda haka dole a tsare I shi ma na samfur 64 cif, ya jira ɗan'uwansa su iso tare. Na buɗe fayil ɗin. Inda ya kamata in cire ɗaya, ƙarawa na yi. 65.

Sai da na ɗauki biro na tabbatar, don raina bai yarda samfur ɗaya zai yi wannan ɓarna ba. Bari in faɗe shi yadda na gane shi: amon haz 1,000 yana cika zagaye ɗaya cikin samfur 12. Zagaye digiri 360 ne. Ke nan samfur ɗaya digiri 30 ne. A haz 500 digiri 15, a 2,000 digiri 60. Lissafin ya ba da 18 da 11 da 5, lambobin da na karanta wa Malam sak. Ni da nake fama da kapasita don in gyara kuskuren digiri ɗaya ko biyu, ashe talatin ne kwance a layi guda da na rubuta wani dare ido na lumshewa.

Na canza alamar, na loda. 7.099, fito tangaran. 7.101, sai da na danna hedifon a kunne kafin na jiyo shi can ƙasa. Desibel 38. Ragowar yanzu kam na allo ne, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da kuskuren digiri ɗaya kacal yana tsayar da mutum a wajen 41. Na sa lambobi biyu a manhaja, ɗaya na daidaita ƙarfin I da Q, ɗaya na ɗan karkata kusurwa, na yi ta murza su har fiton ya nutse cikin shuuu. Gyaran na amo ɗaya ne a zango ɗaya, na san in na koma mita 20 sai an sake lale. Ba yau ba.

Bayan faɗuwar rana na jona eriya. A wannan zango masu magana gefen ƙasa suke amfani da shi, kamar yadda aka saba a ƙasa da megahaz 10. Na murza a hankali daga 7.060 zuwa sama, sai ga murya. Ta fara kamar ta agwagwa, na matsa haz ɗari biyu, ta zama ta mutum. Wani ne ke ba abokinsa rahoton sigina, biyar da bakwai, wato makin yadda yake jin sa, yana bayanin eriyarsa. Hira ce da ba ta shafe ni ba ko kaɗan, amma na zauna na saurare ta har suka yi sallama. Na danna maɓallin juya gefe, suka ɓace ɓat. Na danna, suka dawo. Na yi haka ya fi sau goma, kamar yaro da sabuwar fitila.

Na sauka 7.074 inda masu FT8, wato masu aika gajerun saƙonni ta kwamfuta, ke taruwa. Su gefen sama suke bi ko a wannan zango, don haka gwaji ne mai kyau ga ɗaya ɓangaren. Kukansu na zuwa yana ɗaukewa duk daƙiƙa 15, a tsabtace.

Murna ta sa na manta ban gama sashen daidaita ƙarar sauti ba. Na haura 7.200, inda manyan gidajen rediyo suke, wata tasha ta daki dodon kunnena har na yi jifa da hedifon. Nan take na rubuta ɗan abin wucin gadi: ya danne ƙara da sauri, ya sake ta a hankali cikin rabin daƙiƙa. Yana numfashi tsakanin kalmomi, amma kunne ya tsira.

Saura biyu. Akwai wani fito da ya zauna a kan wata hira ya ƙi tashi, wannan aikin rariya mai koyo ce, irin ta LMS da Widrow da Hoff suka fito da ita a 1960. Sai dai in tuna in sa mata makunni, don a wurinta saƙon Morse ma fito ne, za ta haɗiye shi. Na biyun ya fi damuna: duk sanda ƙaramin allon nuni ya sabunta lambobinsa sai in ji ƙas-ƙas a kunne. Na zare wayarsa, ƙarar ta tafi. Wayoyin sun yi tsawo kuma sun bi ta kan mahaɗar. Gobe zan gajarta su in raba musu hanya, in bai yi ba sai an sa garkuwar ƙarfe a tsakani.

Na tura wa Malam saƙo: "65 ne." Ya amsa da kalma ɗaya: "Madalla." Ɗan alina har yanzu zugi yake.